Kafin Ka Sayi Na'urar Buga Lebul Ta Waya, Fara Duba Tef Ɗinta

Aikina jan waya ne a Legas: kyamarorin tsaro, wayar intanet ta ofisoshi, wani lokacin kuma haɗa sola da inbata. Tun da na fara yawo da na'urar buga lebul a jakata, 'yan uwa masu wannan sana'a daga Agege har Idi-Araba suke tambayata wacce za su saya. Amsar ba ta shiga cikin gaisuwar bakin titi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya.

Abin da ya sa ni kaina na saya, wani otal ne a yankin Ikeja. Na ja musu wayar kyamara 32, na yi wa kowace waya shaida da tef ɗin takarda da maka, kamar yadda na koya a wurin maigidana. Bayan damina ɗaya kyamara uku suka ɗauke, aka kira ni. Da na buɗe akwatin, rabin tef ɗin ya saki ya zubo ƙasa, wanda ya rage kuma tawadar ta narke, ba ka bambance 3 da 8. Kwana biyu ni da yarona muna bin waya ɗaya bayan ɗaya, shi yana saman silin, ni ina ƙasa muna ta kiran juna a waya. Manajan ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, ashe kai ma ba ka san aikinka ba?" Ba ni da bakin magana, don laifin nawa ne. Da za su yi aikin ɗaya reshen nasu, wani suka kira.

To darasin da na ɗauka daga baya, bayan na sayi na'ura ta farko na yi da-na-sani, shi ne wannan: na'urar sau ɗaya ake sayenta, tef kuwa kullum ne. Kowane kamfani da irin kaset ɗinsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Ranar da ka biya kuɗin na'ura, ka ɗaure kanka da tef ɗin kamfanin kenan. Don haka daga tef ake fara zaɓe.

Yadda na'urar take bugawa

Akwai hanya biyu, kuma dole ka san wacce ake sayar maka.

Ta farko, zafi ne yake taɓa takardar kai tsaye ta yi baƙi. Ita ce hanyar risit ɗin POS. Duk wanda ya taɓa ajiye risit a aljihu ko a gaban mota ya san abin da ke faruwa: bayan ɗan lokaci rubutun ya dushe, in rana ta buge shi sosai takardar gaba ɗaya ta yi duhu. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke buga farashi da su, yawancinsu wannan hanyar suke bi. Sun isa ga kwalin da za a aika gobe. Ga wayar da za ta shekara biyar a cikin silin mai zafi, asarar kuɗi ce.

Ta biyu, akwai wani siririn zare mai tawada da ake kira ribon, zafi yake narkar da tawadar ta manne a jikin tef ɗin roba. Wannan rubutun ba ya gudun zafi, ba ya gudun ruwa. Duk na'urorin da aka ƙera don ma'aikatan waya da lantarki wannan hanyar suke bi, kuma a cikin na hannu ribon ɗin yana cikin kaset ɗin tare da tef, ba sai ka saye shi daban ba. Kamfanin Brother ya ƙara wani abu a tef ɗinsa na TZe: akwai leda garai-garai da take rufe rubutun ta sama, ko ka goga da farce ba ya fita.

Idan mai shago ya kasa gaya maka wace hanya na'urarsa take bi, buɗe kaset ɗin ka duba. In babu ribon, takarda ce kawai a naɗe, ka san ta risit ce.

Irin lebul ɗin da waya take karɓa

Waya ba bango ba ce. Siririya ce, mai lanƙwasa, tana ɗaukar zafi, ana kuma janta. Lebul ɗin ofis mai tauri in ka naɗa mata, bakinsa zai fara ɗagawa cikin 'yan makonni. Hanyoyin da ake bi guda huɗu ne.

Naɗi. Ana buga lambar a jere sau da yawa, a naɗe tef ɗin ya zagaye wayar, ta kowane ɓangare ka duba za ka karanta. Yana buƙatar tef mai laushi. A wajen Brother shi ne mai alamar FX, kamar TZe-FX231. A wajen Dymo da Brady kuma na nailan ko na binil. Ka tabbata ƙarshen tef ɗin ya hau kan kansa, don gam ya fi kama tef a kan ya kama jikin waya.

Tuta. Ana zagaya wayar da tsakiyar tef ɗin, a haɗe bakin biyu su manne da juna, rubutun ya tsaya a gefe kamar 'yar tuta. Ita ta dace da siririyar waya irin ta faiba, wadda kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, babu wurin rubutu a jikinta. Illarta, in za a ja wayar ta cikin bututu sai ta maƙale ko ta yage.

Mai rufe kansa. Lebul ne mai kashi biyu, farin wuri na rubutu da doguwar jela garai-garai. Ka fara manna farin, jelar ta zagayo ta rufe rubutun. A kan wayar intanet babu wanda ya kai shi kyau da daɗewa. Brady sun yi suna a kansa, lambar kayan nasu B-427.

Bututu mai tsukewa. Siririn bututun roba ne da na'urar take bugawa a kai, ka zura shi a wayar, ka hura masa zafi ya tsuke ya kama. Babu gam a ciki, saboda haka babu abin da zai saki. Shi ake so a cikin akwatin rarraba wuta da allon injuna. Akwai mai tsukewa zuwa rabin faɗinsa, akwai mai komawa kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗinsa ɗaya: sai an zura shi kafin a ɗaure bakin wayar. In ka riga ka matse kai, lokacinsa ya wuce. Kuma na'urar hura zafi ake amfani da ita. Laita tana ƙona shi ta baƙanta rubutun, na gwada na gani.

Kayan da aka yi tef ɗin da shi

Binil yana da laushi, yana jure danshi da maiƙo, yana bin wuri mai lanƙwasa. Nailan ya fi shi laushi, yana kama waya da wuri mai kaushi, amma na cikin ɗaki ne. Foliyesta yana da tauri da sheƙi, na shimfiɗaɗɗen wuri ne kamar murfin soket, allon jona wayoyi da jikin na'ura. Kada ka naɗa shi a waya, zai buɗe.

Sai maganar gam. Ƙarfen da aka yi wa fenti mai kaushi, da wasu robobi masu santsi irin na jarka da tankin ruwa, gam na yau da kullum ba ya kama su da kyau. Nan ake neman tef mai ƙarfin gam, wanda Brother ke sa wa alamar S, kamar TZe-S231. Mu da muke kudu wannan ya fi shafarmu, domin danshin Legas da Fatakwal ba irin na Kano ba ne. Abin da zai shekara a manne a Arewa, a nan damina ɗaya ta ishe shi. Idan kuma aikin na waje ne, kamar wayar sola a saman rufi, tambayi wanda aka yi don rana.

Ko wane tef ka saya, goge wurin da sifirit ya bushe kafin ka manna, ka danna sosai da yatsa. Gam ɗin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya gama kamawa, kada ka yi ta ɗaga bakinsa kana gwadawa.

Faɗi, tsawo da lissafin kuɗi

Tef ɗin Brother yana zuwa da faɗin milimita 6, 9, 12, 18, 24 har 36. Na Dymo masu aikin masana'anta 6, 9, 12, 19 da 24. Kowace na'ura tana da iyakar faɗin da take karɓa, kuma wannan iyakar ita ce babban abin da ke raba mai araha da mai tsada. Milimita 12 ta isa soket da bireka. Naɗin wayar intanet ya fi daɗi da 18 zuwa 24. Wayar Cat6 kaurinta kusan milimita 6 ne, zagayenta kuma kusan 19, saboda haka lebul ɗin naɗi yana son tsawon santimita 3 zuwa 4 don ya hau kan kansa. Cat6A ta fi kauri, sai ka ƙara.

Yanzu ga inda kuɗi yake zurarewa ba ka sani ba. Kaset ɗin TZe na yau da kullum mita 8 ne. Na Dymo na binil mita 5.5, na nailan mita 3.5, bututu mai tsukewa kuma mita 1.5 kacal. Ka ga ashe farashin kaset shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka raba shi da tsawonsa ka ga nawa mita ɗaya take tashi.

Akwai kuma ɓarnar farko. Na'urorin Brother suna fitar da kusan santimita 2 da rabi na tef babu rubutu a farkon kowane bugu, saboda tazarar da ke tsakanin kan bugawa da wuƙar yanka. In lebul ɗinka santimita 4 ne, mita 8 ya kamata ta ba ka guda 200. Amma in kana bugawa ɗaya-ɗaya, kowane da ɓarnarsa, abin da za ka samu bai fi 123 ba. Maganinsa a buga su a jere a yi ɓarnar sau ɗaya. Nan ne rabin-yanka yake da amfani: wuƙar tana yanka lebul ɗin ta bar takardar baya a haɗe, sai ka samu dogon zare ɗaya kana ɓarewa kana mannawa a jere, babu wanda zai faɗi ya ɓace a ƙarƙashin tsani.

Yi lissafin aikinka ma. Ofis mai soket 48, kowace waya lebul biyu, kai da ƙafa, 96 kenan. Ga 48 na murfin soket, ga na allon jona wayoyi. Aiki ɗaya ya cinye kaset guda ko fiye. Ni yanzu ina saka kuɗin tef a cikin takardar farashi kamar yadda nake saka kuɗin waya.

Na'urorin da aka fi sani

Brother, kamfanin Japan, jerin da suka yi wa masu lantarki yana farawa da PT-E. PT-E110 ƙarama ce, iyakarta milimita 12. PT-E300 tana kaiwa 18, tana buga bututu mai tsukewa. PT-E550W tana kaiwa 24, tana yanka da kanta, tana da rabin-yanka, ana kuma haɗa ta da kwamfuta ko wayar hannu. Sun fito da sababbi masu Bluetooth, kamar PT-E310BT da PT-E560BT. Babban ƙarfin Brother a wurina shi ne tef ɗinsu ya fi sauƙin samu, har da na wasu kamfanoni masu shiga na'urar.

Dymo suna da jerin Rhino. 4200 da 5200 suna kaiwa milimita 19, 6000 tana kaiwa 24. Suna da maɓallan gaggawa na naɗi, tuta da allon jona wayoyi, danna ɗaya tsarin ya fito. Kada ka haɗa su da LabelWriter ta kan tebur, wadda hanyar risit take bi. Jerin 550 ɗinta ma ba ya karɓar takardar da ba ta Dymo ba.

Brady, kamfanin Amurka, su ne na aiki mai wahala. BMP21-PLUS da magajiyarta M210 suna kaiwa milimita 19, jikinsu da kariyar roba saboda faɗuwa. M211 ba ta da maɓallan rubutu, da wayar hannu kaɗai ake sarrafa ta. Manyansu irin BMP41 da BMP51 suna buga lebul yankakke da rubutu mai kaifi. Kaset ɗinsu yana da ɗan guntun lantarki da yake gaya wa na'urar irin tef ɗin da aka saka. Kayan nasu babu wasa, amma kafin ka saya ka tabbata ka san inda za ka riƙa samun kaset.

Epson ma suna da nasu, LabelWorks. Ga mai babbar ma'ajiya kuwa da ke buga ɗaruruwan lebul a rana, na hannu ba za ta ɗauke shi ba. Shi ta kan tebur yake buƙata irin ta Zebra, mai faɗin inci 4, wadda ake saya wa ribon daban: na kakin zuma don takarda, na resin don roba.

Abin da za ka duba a jikin na'urar

Jerin lamba. Ka rubuta 01 ka ce mata zuwa 48, ta buga su duka. Wadda ba ta yin wannan za ta cinye maka yini.

Tsarin allon jona wayoyi da na bireka. Ka ba ta tazarar da ke tsakanin rami da rami, ta jera lambobin daidai a dogon tef ɗaya.

Batir. Yawancinsu suna cin batir AA guda shida, wasu suna da na caji. Mu da muke aiki a ginin da ba a ja masa wuta ba tukuna, wadda take karɓar duka biyun ta fi. Caji ya ƙare, ka aiki yaro bakin titi ya sayo AA.

Kaifin rubutu. Na hannu yawanci ɗigo 180 ko 203 suke yi a inci ɗaya, ya isa rubutu. In za ka buga ƙananan lambobin QR a siririn tef, nemi mai 300.

Haɗi da waya ko kwamfuta. Amfaninsa ka tsara sunayen a Excel ka tura gaba ɗaya. Akwai wani amfanin da ya shafe mu: maɓallan jikin na'urar ba kasafai suke da ƙ, ɗ da ɓ ba. In kana son "Ɗakin Janareta" ya fito da ƙugiyarsa, ta manhajar kwamfuta ya fi sauƙi. Gwada kafin ka biya.

Abin da za ka rubuta a kai

Na'ura mai kyau ba ta gyara tsari mara kyau. Akwai ƙa'idar Amurka mai suna TIA-606, wadda ta fara fitowa a 1993, gyaranta na D ya fito a 2021. Manyan kamfanoni da bankuna sukan ambace ta a takardar kwangila. Abin da take nema a taƙaice: kowace waya da lambarta da ba ta yi kama da ta wata ba, lebul a baki biyu, kada ya yi nisa fiye da santimita 30 daga ƙarshen wayar, kuma bugun na'ura, ba rubutun hannu ba. Misalin tsarinta shi ne 1A-B05: hawa na 1, ɗakin wayoyi A, allo B, rami na 5.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne rubuta sunan mutum ko aikin ɗaki, kamar "Ofishin Manaja". Shekara ta zagayo, manaja ya koma sama, ɗakin ya zama sito, lebul ya koma ƙarya. Lamba ba ta ƙaura. Sa lamba a waya, sannan ka rubuta a takarda wace lamba ce take zuwa wane ɗaki, ka manna ɗaya a cikin murfin akwatin, ka ajiye hotonta a wayarka.

Sauran wurin aiki

A gidajenmu da shagunanmu wuta takan shigo ta hanya uku: ta layin gari, ta janareta, ta inbata. Mai gyara zai iya kashe babbar bireka ya ɗauka ya tsira, alhali inbata tana nan tana ba layin wuta. Lebul ɗaya mai ruwan ɗorawa a bakin akwatin, wanda ya ce akwai wuta daga wuri fiye da ɗaya, yana iya tsare ran mutum. Haka a aikin sola, raba wayar DC da ta AC da rubutu ƙarara, ka nuna mai ƙari da mai ragi. Kada ka dogara da launin waya kaɗai, domin a gini ɗaya za ka tarar da tsohon launi, ja da baƙi, ga kuma sabo, ruwan ƙasa da shuɗi.

Launin alamun tsaro ma da ma'anarsa: ruwan ɗorawa gargaɗi, ja hani da kayan kashe gobara, shuɗi umarni, kore hanyar tsira da taimakon farko. In za ka yi wa wurin aiki gaba ɗaya, duba ko na'urar tana da tef a waɗannan launukan.

In ka shiga kasuwa

Ko Computer Village ka nufa ko Alaba, fara tambayar kaset kafin na'ura. Ka zagaya shago uku. In a ɗaya kaɗai ka samu, shi ma saura biyu, to ranar da ya ƙare na'urarka ta zama kwalliya. Tafi da guntun wayar da kake aiki da ita, ka sa a buga a gabanka, ka naɗa, ka lanƙwasa, ka goga da jiƙaƙƙen yatsa. In ta hannu ce, wadda aka yi amfani da ita, duba ko akwai farin layi da yake ratsa rubutun. Alamar kan bugawa ya fara mutuwa kenan. Duba wuƙar ma, da wurin batir ko ya yi tsatsa.

Tef ɗin wasu kamfanoni mai shiga Brother ko Dymo ya fi araha, ina amfani da shi a kan shelf da fayil. Gam ɗinsa dai ba shi da tabbas, wani ya kama, wani ya saki. Wayar da zan rufe a silin ko in ba da garanti a kanta, na asali nake sa mata.

Shawarata ta ƙarshe ga kowa gwargwadon aikinsa. Mai wayarin gidaje da shaguna, ta milimita 12 zuwa 18 ta ishe shi. Mai kyamara da intanet na ofisoshi ya daure ya kai ta 24 mai jerin lamba da rabin-yanka, kuɗin zai dawo ta lokacin da ya rage. Mai haɗa allon injuna ya tabbata tana buga bututu mai tsukewa a girman wayarsa. Mai neman kwangilar manyan kamfanoni ya karanta abin da takardarsu ta nema kafin ya saya.

Yarona da ya sha zafin silin a otal ɗin nan yanzu ya buɗe nasa aikin a Sabo ta Ibadan. Da zai tafi ya ce, "Oga, wacce zan saya?" Na ce masa ya fara zagaya kasuwar can ya ga kaset ɗin wa ake sayarwa, sannan ya kira ni.